Yadda Ake Ceto Majinyacin da Zuciyarsa ta Tsaya a Asibiti, Mataki bayan Mataki

Idan zuciyar mutum ta tsaya cak, ƙwaƙwalwarsa ba ta jure rashin jini fiye da minti 4 zuwa 6 kafin ta soma lalacewa. A cikin wannan ɗan lokaci ba za a iya ɗauko majinyaci daga Kakuri ko Rigasa a kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ba, balle a yi zancen asibitin koyarwa na Shika da ke can Zariya, tafiyar kusan kilomita 80. Ko babban likitan da ke cikin harabar asibitin, in yana ɗakin tiyata ko ya fita sallah, ba lalle ya iso a kan kari ba. Saboda haka ran majinyacin nan, bayan ikon Allah, yana hannun wanda ke tsaye a bakin gado: nas ɗin da ke aikin dare, ungozoma, ƙaramin likita, ko jami'in lafiya na ƙaramin asibiti. Dominsu na rubuta wannan bayani. Abin da ake koyarwa ke nan a horon da aka fi sani da ACLS, wato babban horon farfaɗo da zuciya, amma na tsara shi daidai da irin kayan aikin da muke da su a ɗakunan jinyarmu na Kaduna. Karatu ba ya maye gurbin horon hannu. Duk adadin maganin da na ambata na manya ne, lissafin yara daban yake.

Shiri kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya karɓi aiki, da safe ko da rana ko da dare, ya fara da tirolin gaggawa kafin ya zauna rubutu. A kunna na'urar shok, wadda muke kira difib, a ga ko batirinta a cike yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, janareta kuma sai ya ɗauki mintuna kafin ya tashi. Difib ɗin da ba a jone yake da wuta kullum ba, ranar da aka neme shi zai ba da kunya. A duba faifan mannawa ko man shafawa na ƙarafan shok. A matsa jakar Ambu, wato jakar da ake hura wa majinyaci iska da ita, a ji ko tana riƙe iska, a tabbata akwai abin rufe fuska na manya da ƙanana. A buɗe tukunyar oksijin a ga ma'auninta, a kuma san inda makullinta yake. A gwada injin zuƙe majina. A ƙirga kwalaben adirenalin, goma ko fiye, a duba ranar lalacewarsu. Sai amiyodaron ko lignoken, atirofin, kalsiyam, magnisiyam, ruwan sukari mai kashi 50, kanula manya (robar da ake sawa a jijiya), sirinji na mil 10 da na mil 20, da ledojin ruwan gishiri. A ajiye katako mai faɗi wanda za a cusa a bayan majinyaci, da ɗan benci na takawa ga wanda gado ya yi wa tsawo.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abu ɗaya: kada a kulle tirolin gaggawa da kwaɗo a tafi da makulli. In tsoron ɓacewar kaya ake yi, a ɗaure shi da ɗan hatimin roba da ake tsinkewa da hannu, a rubuta lambarsa. Haka kuma adirenalin na gaggawa ba maganin da za a rubuta wa dangi su je kanti su sayo ba ne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi kula da mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A yi aiki tukuna, lissafi ya biyo baya.

Sannan a sani, zuciyar majinyacin da ke kwance a asibiti ba kasafai take tsayawa ba zato ba tsammani ba. Sa'o'i kafin nan jiki yana ta ba da sanarwa: numfashi ya haura 25 a minti ko ya sauka ƙasa da 8, awon jini na sama ya faɗo ƙasa da 90, bugun jijiya ya wuce 130 ko ya gaza 40, oksijin na jini yana sauka, fitsari ya ƙafe, mutumin da ke hira da safe ya koma sambatu ko yawan barci. Daga cikinsu duka, ƙirga numfashi shi ne aka fi yi wa sakaci, alhali shi ne ke fara tona asiri. Idan mai jinya ta ce, "Sista, Baba fa ya canza mini," a tashi a je a duba. Ta fi kowa sanin fuskarsa.

Minti biyu na farko

Ka ga mutum ya yi shiru ko ya faɗi. Ka dafa kafaɗunsa ka girgiza, ka kira shi da ƙarfi. Bai amsa ba, sai ka ɗaga murya ka nemi taimako, kuma ka nuna mutum takamaimai: "Sista, kawo tiroli da difib. Malam, kira likita, ka ce zuciya ta tsaya a gado na 6." In ka ce "a kira likita" kawai, kowa zai zaci wani ya tafi.

Ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuya, idonka a kan ƙirjinsa. Kada wannan dubawa ta wuce daƙiƙa 10. A nan ne aka fi yin asarar lokaci, wani ya tafi neman abin sauraren ƙirji, wani yana ɗaura abin awon jini. Duk ba a buƙatarsu. Akwai kuma wani numfashi mai ruɗi, irin na shaƙuwa ko gurnani jefi-jefi, wanda ke zuwa a mintunan farko bayan tsayawar zuciya. Wannan ba numfashi ba ne. Wanda bai amsa ba, ba ya numfashi daidai, kuma ba ka tabbatar da bugu ba, ka ɗauka zuciyarsa ta tsaya, ka soma danna ƙirji. Dannar da aka yi wa mai bugu ba ta cika yin lahani ba, jinkirin da aka yi wa marar bugu kuwa kisa ne.

A kwantar da gado ya miƙe, a cire matashi, a cusa katako. Ka ɗora tushen tafin hannunka a rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunka daidai saman hannuwanka. Ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowace danna ka bar ƙirji ya dawo daidai, kada ka jingina a kansa, domin a lokacin dawowar ne zuciya ke cika da jini. Bayan danna 30, a ba da numfashi 2 da jakar Ambu da aka jona da oksijin lita 15, kowane numfashi daƙiƙa ɗaya, iya abin da zai ɗaga ƙirji. In da hali mutum biyu su riƙe: ɗaya ya manne abin rufe fuska da hannu biyu yana ɗaga haɓa, ɗaya ya matsa jaka. Kana iya jin haƙarƙari ya ƙarye, musamman ga tsofaffi. Ka gyara wurin hannunka ka ci gaba.

Dalilin da ya sa ake hana tsayawa shi ne, dannar ƙirji kamar famfon tuƙa-tuƙa take: sai an yi ta bugawa kafin ruwa ya hau, da an saki kuma ya koma ƙasa, sai an sake farawa daga tushe. Haka matsin jinin da ke shiga jijiyoyin zuciya yake. Duk tsayawar da za a yi, don duba monita ko sa bututu ko canjin hannu, kada ta kai daƙiƙa 10. Tun 1960, lokacin da Kouwenhoven da abokan aikinsa Jude da Knickerbocker suka bayyana wannan dabara a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ba a samu wani magani da ya kai hannu mai danna daidai amfani ba. Shi ya sa a 2010 aka sauya tsari, aka sa danna ƙirji a gaba da buɗe hanyar iska. Kuma kowa yana gajiya, ko da bai ji ba. A canza mai danna duk minti 2, kada a bar jarumtaka ta hana.

Abin da monita ke faɗa

Da zarar difib ya iso, a manna faifai ba tare da an dakatar da danna ba: ɗaya a ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. In ƙirjin ya jiƙe da gumi a goge. Sai jagora ya ce a dakata, a kalli allo. Tambaya ɗaya ce tak: wannan na shok ne ko ba na shok ba?

Na shok iri biyu ne. Akwai VF, inda layi ke ta karkarwa ba tsari, zuciya tana makyarkyata ba ta tura jini. Akwai VT marar bugu, inda ake ganin manyan duwatsu masu faɗi suna bin juna da sauri. Waɗannan maganinsu lantarki ne, kuma kowane minti da aka jinkirta yana rage damar rayuwa sosai. A na'urorin zamani masu tura wuta ta fuska biyu ana sa jul (ma'aunin ƙarfin shok) 120 zuwa 200 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, in ba a sani ba a sa mafi girma. Tsofaffin na'urori masu fuska ɗaya, waɗanda har yanzu ana samunsu a wasu asibitocinmu, jul 360 ne. A ci gaba da danna yayin da na'ura ke caji. A janye oksijin kamar mita ɗaya. Mai shok ya ce da ƙarfi, "Kowa ya janye!", ya duba da idonsa daga kai har ƙafa cewa ba mai taɓa majinyaci ko ƙarfen gado, sannan ya danna. Nan take a koma danna ƙirji na minti 2 cur. Kada a tsaya neman bugu bayan shok. Ko shok ɗin ya yi aiki, zuciyar da ta farfaɗo tana ɗaukar lokaci kafin ta iya tura jini da kanta.

Wanda ba na shok ba shi ma biyu ne: miƙaƙƙen layi, da PEA, wato allo yana nuna tsari mai kama da na lafiya amma ba bugu a wuya. In ka ga miƙaƙƙen layi, ka duba wayoyi ko sun cire, ka ƙara girman hoton, ka canza layin kallo, don wani lokaci VF ce siririya ta ɓuya. In ya tabbata miƙaƙƙe ne, ba a yi masa shok. Na san dangi, har da wasu ma'aikata, sun saba ganin ana yi a fina-finai, amma lantarki ba ya tayar da zuciyar da ba ta da motsin lantarki. Abin da take so danna ne da adirenalin da gano musabbabi.

Inda AED kawai ake da ita, wato na'urar da ke karanta zuciya da kanta tana magana, a kunna a bi umarninta. Aikin ɗaya ne.

Magunguna da hanyar iska

A sa kanula babba a gwiwar hannu ko jijiyar gefen wuya. In an gwada sau biyu ba a samu ba, kuma akwai allurar ƙashi da wanda ya iya, a bi ta ƙashin ƙauri ko na kafaɗa.

Adirenalin miligiram 1 ne ta jijiya, a maimaita duk minti 3 zuwa 5, wanda a aikace yake nufin bayan kowane zagaye biyu na dannar minti 2. Kwalbar da muka fi samu a nan ita ce mai miligiram 1 a cikin mil 1. A zuƙe ta, a cika sirinji da ruwan gishiri zuwa mil 10, a tura duka, a bi da ruwa mil 20, a ɗaga hannun. In ba a kora da ruwa ba, maganin zai kwanta a jijiyar hannu ne kawai. Ga wanda ba na shok ba, a ba da shi da wuri iya wuri. Ga na shok, lantarki ne a gaba: ƙa'idar Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce bayan shok na biyu, ta Turai da Ingila ta ce bayan na uku. Kada wannan ya zama abin musu a bakin gado. Asibiti ya zaɓi ɗaya, a rubuta a manna a jikin tiroli.

In VF ta ƙi tafiya bayan shok uku, a ba da amiyodaron miligiram 300, in an kai shok na biyar a ƙara 150. In babu, lignoken miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyin jiki, kuma a tabbata ba wanda aka gauraya da adirenalin don ɗinki ba ne. Atirofin an cire shi daga maganin miƙaƙƙen layi da PEA tun 2010, amma har yau ana ganin masu ba da shi don sabo. Haka bikabonet, maganin rage asid a jini, ba kowa ake ba ba, sai da dalili.

Game da bututun numfashi, ga shawarata: in jakar Ambu tana ɗaga ƙirji, kada a yi gaggawar sa bututu. Sau da yawa an dakatar da danna na minti guda ko fiye ana leƙen maƙogwaro, wannan kuwa ya fi rashin bututun illa. Wanda ya ƙware ya sa, cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda bai ƙware ba ya yi amfani da abin da ake zurawa saman maƙogwaro, irin su LMA ko i-gel, in akwai. Da an sa, danna ba ya tsayawa kuma, numfashi ɗaya duk daƙiƙa 6, wato 10 a minti. Hannun mai firgici yana matsa jaka sau 30 a minti bai sani ba, iska ta cika ƙirji ta hana jini komawa zuciya. Jagora ya sa ido a kan wannan. Inda ake da ma'aunin iskar da ke fita daga huhu, adadin da ya gaza 10 yana nuna dannar ba ta isa ba, in kuma ya yi tsalle sama farat ɗaya, alama ce zuciya ta dawo.

Me ya tsayar da ita?

A nan gwanintar take, kuma a nan ne ya kamata jagora ya sa hankalinsa yayin da hannuwa ke aiki. Littattafai sun jera dalilai goma da ake iya gyarawa. Ni na fi so a tuna da su ta fuskar majinyatan da muke gani.

Ƙarancin jini ko ruwa shi ne kan gaba a wurinmu: mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, wanda aka kwaso daga haɗarin mota a hanyar Abuja ko ta Zariya, mai cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, mai amai da gudawa a lokacin damina. Waɗannan PEA suke zuwa da ita, kuma adirenalin ba ya cika jijiyar da ta bushe. Kanula biyu manya, a matse ledar ruwa da hannu, a aika neman jini, a tsayar da zubar. Sai ƙarancin oksijin: a duba ko tukunya ta ƙare, ko bututu ya shiga hanyar abinci, ko majina ta toshe.

Mai ciwon ƙoda, musamman wanda ya tsallake wankin ƙoda saboda rashin kuɗi, a fara zargin fotasiyam ya hau. Ba sai an jira sakamakon gwaji ba: kalsiyam gulukonet mai kashi 10, mil 30, ko kalsiyam kulorayid mil 10, sannan insulin yunit 10 tare da sukari giram 25, wato mil 50 na mai kashi 50. A nan bikabonet yana da wuri. Mai gudawa mai tsanani ko mai shan maganin sa fitsari kuma, fotasiyam ɗinsa ƙasa yake yi. In allo ya nuna VT mai murɗawa, tana girma tana ƙanƙancewa, magnisiyam giram 2 ne maganinta. A soki yatsa a duba sukari ga kowa, abu ne na daƙiƙa kaɗan.

Wanda ya bugu a ƙirji ko aka soka, jakar Ambu ta yi tauri, gefe ɗaya ba ya ɗagawa: iska ce ta taru ta danne huhu da zuciya. A soka kanula babba tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 gaba kaɗan da tsakiyar hammata, ko tsakanin na 2 da na 3 daidai tsakiyar ƙashin wuya, daga baya a sa bututun ƙirji. Ruwa a jakar zuciya kuma, a tuna da mai tarin fuka da mai ciwon ƙoda, na'urar hoton ciki tana nuna shi cikin daƙiƙa kaɗan a lokacin duba bugu. Guba: wanda ya sha fiya-fiya ko maganin feshin gona zai zo da yawu da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido, shi kam atirofin yake so da yawa. Wanda tiramadol ko kodin ya yi wa yawa, numfashinsa ne ya fara tsayawa, a ba shi iska da nalokson, maganin da ke karya ƙarfinsu. Gudan jini a huhu, a tuna da wanda ya daɗe a kwance bayan tiyata ko karaya ko haihuwa. In an ba da maganin narkar da gudan jini, a ci gaba da danna minti 60 zuwa 90. Sai toshewar jijiyar zuciya ga mai hawan jini da ciwon sukari wanda ya yi kukan ciwon ƙirji, da yawan asid a jini, da sanyin jiki mai tsanani ga wanda aka tsamo daga kogi ko aka tsinta a waje cikin hunturu.

Mai juna biyu da mai jego

In cikin ya kai cibiya ko ya wuce, wato kamar mako 20, mahaifa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Mutum ɗaya ya tsaya ya ture mahaifar zuwa hagu da hannu biyu, ita kuma tana kwance a bayanta ana danna kamar kowa. Shok da magunguna ba su canzawa. A sa kanula a hannu, ba a ƙafa ba. In tana kan magnisiyam saboda jijjigar masu ciki, a tsayar da shi a ba ta kalsiyam. In minti 4 ya wuce ba bugu, a fara fiɗa a ciro jariri a nan inda take, da nufin a gama cikin minti 5. Ba a kai ta ɗakin tiyata, ba a jiran mai sa barci. Wuƙar tiyata ɗaya ta isa a fara. Ana yin haka ne don ceton uwar kanta, domin da an sauke nauyin, jini yake samun hanya. Wannan shawara ce mai nauyi, shi ya sa ya kamata ɗakin haihuwa ya tattauna ta tun kafin ranar, a san wa zai yi.

Mai jego kuma da ta zo da kumburi da haki da kasa kwanciya, a yi tunanin ciwon zuciyar haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kan yawansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon gashi. Irin wannan zuciya ba ta son a ɗura mata ruwa, kuma tana iya juyewa VF.

Jagora da magana

Mutum ɗaya ne ke jagoranci, ya tsaya a ƙafar gado, hannunsa ba ya aiki. Ba dole sai mafi girman muƙami ba, wanda ya fi sanin tsarin ne. In babban likita ya iso, a ba shi bayani cikin jimla uku, ya karɓa a fili ko ya bar mai yi ya ci gaba. A raba aiki: masu danna biyu, mai iska, mai magani, mai difib, mai agogo da rubutu. In ku uku ne kacal da dare, ɗaya danna, ɗaya iska, ɗaya difib da magani, kuna juyawa.

Umarni ya tafi ga mutum, ya kuma dawo. "Sista, adirenalin miligiram 1." "Adirenalin miligiram 1, na tura, ƙarfe 2 da minti 14." Mai agogo ya riƙa sanarwa: "Saura daƙiƙa 15 a duba."

Akwai abin da tarbiyyarmu ke sa ya yi mana nauyi, wato gyara wa na gaba. Kunya da girmamawa abin yabo ne, amma ba a wannan wuri ba. In ɗaliba ta ga dannar Matron ta yi sanyi, ko ta ga likita zai yi shok hannun wani na kan gado, wajibi ne ta yi magana: "Ranka ya daɗe, a dakata, akwai hannu a gado." Manya su ne za su buɗe wannan ƙofa, su faɗa da bakinsu tun a wajen atisaye cewa suna so a gyara musu.

Wanda bai kai ga tsayawa ba

Mai bugu ƙasa da 50 tare da jiri, faɗuwar awon jini ko ruɗewa: atirofin, miligiram 1 a ƙa'idar Amurka ta 2020, rabin haka a ta Turai, a maimaita duk minti 3 zuwa 5, kada jimla ta wuce miligiram 3. In bai ji ba, adirenalin a cikin ƙarin ruwa, maikirogiram 2 zuwa 10 a minti, ko a sa difib ya riƙa zaburar da zuciya ta cikin fata don ta buga. Mai bugu sama da 150 da awon jininsa ya faɗi, ko ciwon ƙirji, ko ruwa a huhu: shok mai daidaitawa, wato wanda na'ura ke saki daidai da bugun zuciya, bayan an ba shi abin rage zafi, kuma a tabbata an danna maɓallin daidaitawa kafin kowane shok. In yana cikin hayyacinsa, layin siriri ne mai tsari, a ba shi sirinji na mil 10 ya hura da ƙarfi daƙiƙa 15, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In bai koma ba, adenosin miligiram 6 da sauri, a kora da ruwa, sannan 12. Amma a fara tambaya: zazzaɓi ne ko zubar jini ya sa zuciyar gudu? In haka ne, musabbabin ake bi.

In bugu ya dawo

Aiki bai ƙare ba, zuciyar da ta tsaya sau ɗaya tana iya sakewa. A riƙe oksijin na jini tsakanin 94 da 98, numfashi 10 a minti in ba ya yi da kansa. Awon jini na sama ya wuce 90, da ruwa ko adirenalin ko noradirenalin a ƙarin ruwa. A ɗauki ECG, wato hoton bugun zuciya, mai layi 12, a duba sukari da gishirin jini, a sa robar fitsari. Wanda bai farka ba, kada a bar zafin jikinsa ya wuce 37.5 na akalla kwana uku. A watan Maris da Afirilu wannan sai an dage, da farasitamol da tsumma mai sanyi da fanka. Kada a yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa kafin awa 72.

In za a tura shi babban asibiti, a buga waya tukuna a tabbatar akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman. Ma'aikacin da ya iya farfaɗowa ya raka shi, da oksijin da zai kai har ya yi saura, da jakar Ambu da adirenalin a zuƙe. Kada a sa shi a bayan mota da dangi kaɗai da takarda a hannu.

In bai dawo ba

In an yi minti 20 ana aiki daidai, layi a miƙe, an bi dalilan nan ba a samu abin gyarawa ba, jagora ya tambayi kowa ko akwai mai wata shawara, sannan ya tsayar, ya faɗi lokaci. Ana tsawaitawa ga mai VF da ke dawowa, da mai guba, da mai sanyin jiki. Bayan an tsaya a lura da shi minti 5 kafin a tabbatar da rasuwa.

A samu dangi a wuri mai sutura, a zauna, a nemi babbansu. A yi magana a fili: "Alhaji, zuciyar Hajiya ta tsaya. Mun yi minti 30 muna ƙoƙari, ba ta dawo ba. Allah ya yi mata rasuwa." A yi shiru a ba su lokaci, a yi musu ta'aziyya daidai da addininsu. A cire kayan aiki, a gyara mamacin, a rufe shi da mutunci, a hanzarta takardu domin masu son yin jana'iza a ranar.

Yadda za a samu horon, a kuma riƙe shi

Kwas ɗin ACLS yakan ɗauki kwana biyu, bayan an riga an yi na matakin farko, wato BLS, kuma takardar Ƙungiyar Zuciya ta Amurka shekara 2 take yi. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya: akwai mutum-mutumin roba da difib na gaske? Mutum nawa ne ga malami ɗaya? Kowa zai jagoranci atisaye a jarraba shi? Wace hukuma ce ta amince da takardar, kuma za ta shiga makin sabunta lasisi na Majalisar Likitoci ko ta Ma'aikatan Jinya da Ungozoma? Kwas ɗin da aka zauna ana kallon majigi daga safe har la'asar, ba shi ake nufi ba. Ka je da karatun ECG da adadin magunguna a kanka, don lokacin ajin ya tafi a aikin hannu.

Hannu yana mantuwa cikin watanni kaɗan, tun kafin takarda ta tsufa. Don haka kowane ɗaki ya ware minti 15 sau ɗaya a wata, a yi atisaye a kan gadon ɗakin, da tirolin ɗakin, wani lokaci da dare ba sanarwa. A sa masu shara da masu tura keke da masu gadi a ciki, su ma suna iya danna ƙirji, kuma su ne ke nan a kowane lokaci. A auna abu uku da agogo: daƙiƙa nawa kafin a fara danna, minti nawa kafin shok na farko, minti nawa kafin adirenalin. Abin nema shi ne danna cikin minti 1, shok cikin minti 2 zuwa 3, adirenalin cikin minti 5. Bayan kowane atisaye, da kowane farfaɗowa na gaske, a tsaya minti biyar a tambayi juna me ya tafi daidai, me ya ɓace a tiroli, wa zai cike shi. A rubuta sunan wanda zai cike, kuma a cike kafin a miƙa aiki ga masu karɓa.